Babur a Madubin Nababa

A bakin gulbin Gummi suka fara ganin juna, ranar da Nababa ya kwashi iyalinsa kaf aka tafi wankin mota.

Duk wanda ya san Gummi ya san Nababa direba, ya kuma san akori-kurarsa, tsohuwar Fijo da yake kira Ta-Gagara. Tun ba a zuba kwalta ba yake janta tsakanin Gummi da Anka. Ruwa ya taɓa cin gada yana kai, ya fito. Babbar motar nan Roka ta taɓa bankarsa ta baya, ya fito yana kaɗe hula. Sa'o'insa direbobi wasu sun kwanta dama, wasu sun koma sayar da goro, motocinsu maƙera sun sare sun yi murhu da su. Shi da Ta-Gagara kuwa suna nan daram, ko tari ba sa yi sai sun ga dama.

Damina ce, ga dogon hutun makaranta. Jikoki sun zo daga Sakkwato da Gusau sun cika gidan, matarsa Inna Saratu ba ta sauke tukunyar gyaɗa sai ta ɗora ta masara. Autar gidan, Humaira, ita ma ta dawo hutu daga makarantar koyon aikin jinya.

An gama wanki, mota tana ƙyalli, sai ƙafar baya ta nutse a jiƙaƙƙen yashi. Jikoki suka tura, Humaira ta tura, ko gezau. Daidai nan kwalekwale ya sauke wani dogon saurayi fari, da jakar maganin dabbobi a kafaɗa. Bai tambayi kowa ba, ya aje jakar ya sa kafaɗa. Ta-Gagara ta yi gurnani ta fito.

"Yaro, mi sunanka?" in ji Nababa.

"Hayatu, Baba. Daga Adabka. Allurar shanu nake yi."

"To shigo gaba. Wanda yat tura Ta-Gagara ba shi tahiya ƙasa."

Hayatu ya shiga gaba ya zauna kusa da tsoho. Aka miƙo masa dafaffiyar masara ya ci, aka ƙaro ya ci. Kafin a kai gari ya ji labarin gada, ya ji na Roka, ya shafa sitiyari ya ce wannan ƙarfen yanzu ba a yin irinsa. Nababa ya ji kamar ya ba shi kyautar gari.

Da aka sauka a ƙofar gida Humaira ta lura tafin hannunsa na jini, ƙarfen baya ya yanke shi.

"Mai allurar shanu bai san ciwon jikinsa ba?" ta ce.

"Ban ji ba."

"Ka saba da masu ƙaho, shi ya sa. Miƙo."

Ta wanke, ta ɗaure, idonta na kan hannun, nasa idon na kan goshinta. Ta ce dole ta san yadda ciwon ya kwana, aikinta ne. Ya ce gaskiya ne, ba a wasa da aiki. Ya karanto mata lambarsa.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo.

"Likita, hannu ya warke. Amma tun jiya wani wurin ya kama, kuma na duba jakata kaf ba maganinsa."

Ta karanta tana tsinke zogale, ta kife wayar a cinya, ta sake ɗagawa ta karanta.

"Wannan sai an ga mara lafiya ido da ido. Asibitin yana buɗewa bayan la'asar, a zauren gidanmu."

Haka aka fara. Ranar kasuwa in ya gama da masu shanu sai ya biyo, ya kawo mata kindirmo a ƙwarya, ita ta aje masa gyaɗa mai gishiri. Ta sa masa suna Ɗan Fillona, shi kuma ba ya kiranta sai Likitata. Jikoki suna leƙe ta katanga, Inna Saratu tana korarsu da mafici tana murmushi. Kafin gero ya yi bununi baffannin Hayatu sun zo gaisuwa, Nababa ya karɓe su da fara'a, ya zagaya da su jikin Ta-Gagara yana nuna musu inda Roka ta daka.

Daga ranar Hayatu ya sauya.

Nababa ya hango shi a bakin kasuwa, ya taka burki, ya tura ƙofa. "Shigo, ɗana." Sai Hayatu ya tuɓe takalma, ya durƙusa can nesa, ya kafa ido a ƙasa, ya yi wata gaisuwa da ko kunnensa bai ji ba, ya sulale. Wata rana da ya jiyo kukan injin daga nesa, sai ya faɗa lungu. Aka kai masa tuwo zaure Nababa na ƙofar gida, kwanon ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba.

Akwai Bilyaminu, ɗan makwabta mai shagon wayoyi, wanda ya daɗe yana son Humaira ita ba ta ko kallonsa. Shi ne ya zama kullum da safe yana ƙofar gida da tsumma yana goge gilashi.

"Baba, ai yaran yanzu sai haƙuri," ya ce. "Wani kunyar a gan shi cikin tsohuwar mota yake ji. Ya saba da masu manyan shanu."

Maganar ta zauna wa Nababa a ƙirji. Ka zagi Nababa ya yi dariya, amma kada ka taɓa Ta-Gagara. Ya shiga gida ya tsaya tsakar gida, Humaira na ɗaki tana ji.

"Saratu, ki shaida. Wanda yar raina motar da ta ciyar da gidanga ba shi ɗaukar ɗiyata. In bai shiga Ta-Gagara ba, babu aure."

"Malam, kunya ta. Bahillace na. Kai ma ka san su."

"Kunya? Ran da yac cinye mini masara gaban mota ina kunyar take? Ni da nike ɗaukar Hillani tun ba a haihi ubanai ba za a gaya ma kunya?"

Inna Saratu ta koma bakin murhu, don ta san in maganar mota ta shigo kunnen mijinta toshewa yake.

Humaira ta ɗauki waya ta kira Hayatu.

"Ɗan Fillona, don Allah ka shiga motar nan sau ɗaya. Daga kasuwa zuwa gida kawai. Baba ya rantse."

"Likitata, ki ce in shiga gulbi in shiga. Amma in zauna kafaɗa da kafaɗa da mahaifinki, numfashina na taɓa nasa? Ba a yi a gidanmu. Babana har ya rasu bai taɓa cin abinci a garin su Innata ba."

"To ka auri kunyar taka."

Ta kashe wayar. Ya yi ta kira bai samu ba. Ya aiko da kindirmo, ta ba jikoki suka shanye, ita ta shiga ɗaki ta rufe fuska da filo.

Ana cikin haka ƙungiyar direbobi ta aiko da gayyata. Za a yi bajekolin tsofaffin motoci a Anka, Asabar da Lahadi, duk mai tsohon ƙarfen da ke tashi ya kawo a gani. A shekarar matsalar tsaro a hanya ta ɗan yi sauƙi, ana bi da rana. Nababa ya sa aka wanke babbar rigarsa, ya sake wa Ta-Gagara mai, ya ɗaure mata sabuwar tuta a eriya. Inna Saratu ta soya kaji, ta dama fura, ta cika buhu da gyaɗa. Kuma a gaban kowa Nababa ya ce in an dawo daga Anka zai ba iyayen Bilyaminu amsa, don sun fara turo mutane.

Nan Humaira ta kunna waya ta tura wa Hayatu saƙo.

"Asabar za mu Anka. In mun dawo Baba zai amsa wa su Bilyaminu. Ban daina fushi ba, amma ban iya son wani. Ka san abin yi."

Amsa ta zo gajeriya. "Ina tafe, Likitata."

Asabar da safe aka ɗau hanya. Bilyaminu ya riga kowa shigewa gaba. Inna Saratu da Humaira da jikoki suka baje tabarma a baya, ga kuloli, ga tulun ruwa. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, dawa ta fi mutum tsawo, yara na waƙa suna ɗaga wa masu noma hannu. Humaira kaɗai ba ta waƙa, idonta na kan hanya.

An wuce Ɗaki Takwas kaɗan sai ga babur ya ɓullo a baya. Dogon mutum ne ke tuƙi, da wata tsohuwa a bayansa ta rungume ƙwarya. Humaira ta gane Hayatu ne. Inna Saratu ta dube ta, ta dubi babur, ta ci gaba da ɓare gyaɗa.

Nababa ma ya gani a madubi. Ya fito da hannu ta taga ya yi alamar a wuce. Babur bai wuce ba. Ya rage gudu, babur ya rage. Ya koma gefen hanya yana tafiya kamar jaki ya ɗauko gishiri, babur ya koma gefe shi ma, har tsohuwar tana sauke ƙafa tana taɓa ƙasa.

"Wai mi yaron ga ka nuhi?"

Bilyaminu ya tofar da ɓawon gyaɗa ta taga, ƙafarsa ɗaya a kan gaban mota. "Baba, jira yake ta mutu a hanya ya samu abin ba da labari."

Nababa ya ciji leɓe ya ba ta wuta. Ta-Gagara ta tuna ƙuruciya, jikoki suna ihu suna riƙe kuloli. Babur ya biyo, bai matso ba, bai ɓace ba. Wajen mararrabar Bukkuyum aka tsaya ƙara wa lagireto ruwa, babur ya tsaya can nesa ƙarƙashin wata tsamiya. Aka yi yayyafi, na cikin mota suka ja tamfol suka rufa, na kan babur suka jiƙe sharkaf. Da zai wuce da tuni ya kai Anka ya shanya riga. Bai wuce ba.

Humaira ta leƙa ta ƙarƙashin tamfol tana kallonsa, fushin da ta ɗauko daga gida duk ya narke.

Filin Anka ya cika. Ga Landiroba ta zamanin Turawa, ga Roka an yi mata zanen dawisu, ga wata Marsandi baƙa mai kujerun fata, ga Fijo iri-iri an jere su an buɗe musu baki. Tsofaffin direbobi suna rungumar juna suna tambayar wane da wane, ana cewa Allah ya jiƙansa. Da Ta-Gagara ta shigo aka ɗau tafi, masu kalangu suka taso. Amma Nababa ko kallonsu bai yi ba. Ya kashe mota, ya tattare riga, ya nufi inda babur ya tsaya a bakin fili.

Hayatu na ganinsa ya tuɓe takalma ya durƙusa a cikin caɓi.

"Tashi ka dube ni. Tun Ɗaki Takwas kake biye da ni. To ga ta, ta iso da ƙahwarta. Mi kaka jira ka gani?"

Hayatu bai ɗago ba. Mutane suka fara taruwa. Humaira ta matso bayan Innarta.

Tsohuwar ce ta sauko daga babur da ƙyar, tana dafe da ƙugu. Goggo ce, yayar mahaifin Hayatu, ita ta raine shi.

"Kai ne mai wannan gwangwanin?"

 Ba a taɓa ce wa Ta-Gagara gwangwani a gaban Nababa an kwana lafiya ba.

"Ni na."

"To Allah ya saka mini. Tun safe ka hana ni isowa. Ƙuguna ya ƙage, ruwa ya dake ni, nonon da na ɗauko wa 'yar'uwata ya zama tsala. Na ce yaro wuce shi mana, ya ce Goggo, in wuce uban Humaira in ba shi ƙeya? In watsa masa ruwan taya? Gara mu kwana a hanya. Ka tsaya, ya tsaya. Ka yi rarrafe, ya yi rarrafe. Da ka shiga rami da yanzu muna ciki."

Wani tsohon direba ya fara dariya, ya haɗiye.

"In girmama ni shikai, mi ya hana shi shiga motata?" in ji Nababa, amma muryar ta sauka. "Da can ya shiga. Har masara yac ci."

"Ran da ya ci masararka kai direba ne, shi fasinja. Yanzu kai suruki ne. Shi ya sa ya ɗauko ni, don bakinsa ba ya buɗuwa a gabanka. To zaɓi. In kana so ya shiga gaba ya zauna kusa da kai yana taunar abinci, yanzu zan sa shi ya shiga. Amma ka sani, a wurinmu wanda ya yi haka ya fasa 'yarka ke nan. Direba kake so ka koma, ko suruki?"

 Nababa ya waiwaya wajen motarsa. Ƙofar gaba a buɗe, ɓawon gyaɗa ya cika kujera, ga shatin takalmi a gaban mota inda yake gogewa kullum da hannun rigarsa. Bilyaminu kuwa yana can jikin baƙar Marsandi ya jingina yana ɗaukar kansa hoto.

Tsoho ya daɗe yana kallon kujerar.

"Hajiya," ya ce wa Goggo, "shekarata nawa bisa hanyar ga, ba a taɓa raka ni haka ba. Ko gwamna iyakar rakiyatai ke nan." Ya juya ga taron. "Kun dai ji da kunnenku. Daga Ɗaki Takwas har Anka, sabon babur bai wuce Ta-Gagara ba."

Aka kwashe da dariya, masu kalangu suka buga. Amma ya ɗaga hannu.

"Sai dai na rantse gaban iyalina. Ban kuwa taɓa rantsuwa ta hwaɗi ƙasa ba."

Dariya ta tsaya. Goggo ta riƙe haɓa. Daidai lokacin mai lasifika ya fara kiran motoci su fito zagayen fili, ya kira Ta-Gagara ta Gummi.

Humaira ta juya baya ta danna waya da sauri. Wayar Hayatu ta yi motsi a aljihu, ya zaro ta a ɓoye yana durƙushe.

"Ɗan Fillona, akori ma mota ce. Ka hau baya, ka zauna can ƙarshe, ka juya masa ƙeyar da ba ta raini ba ce. Goggo ba za ta ce komai ba. In ka tsaya tunani na mutu."

Ya dubi Goggo ta wutsiyar ido. Goggo ta ɗaga kai tana kallon hadari kamar ba ta san ana yi ba.

Sai Hayatu ya miƙe, takalma a hannu, ya zagaya ta nesa, ya taka taya ya haye baya. Ya zauna a can bakin ƙofar akori, fuskarsa na kallon inda aka fito, ƙafafunsa na lilo. Jikoki suka yi tsalle suka haye suka kewaye shi.

Nababa ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga kujera, ya riƙe wa Goggo ƙofa. "Shigo gaba, Hajiya, ki ji abin da kika ce ma gwangwani." Ya zauna, ya kai hannu ya karkatar da madubin ciki sama, don kada idonsa ya faɗa kan surukinsa. Ya murza makulli. Bugu ɗaya ta tashi.

Suka zagaya fili ana tafi. Humaira na tsaye kusa da Innarta tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Da motar ta zo daidai su, Hayatu ya ɗago ido karo na farko a ranar, ya dube ta.

"Rufe bakinki, ɗiyar ga," in ji Inna Saratu. "Mutane na kallo."

Bilyaminu motar haya ya bi ya koma Gummi tun ranar. Sauran suka kwana gidan 'yar'uwar Goggo, Lahadi aka ci kaji, aka sha fura da nonon da ya tsira, aka ba Nababa kyautar bargo ta mota mafi tsufa da ke tafiya da ƙafarta.

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure a Gummi. Uba ba ya kai 'yarsa ɗaki, kowa ya san haka, amma Nababa ya ce ba a haifi wanda zai ja Ta-Gagara da amarya a ciki ba in ba shi ba. Ya ɗauko ta da ƙawayenta da gwaggwanninta, ana guɗa, har Adabka. Da rugar su Hayatu ta bayyana, shanu na dawowa daga kiwo, sai ya taka burki tun daga nesa ya kashe mota.

"Iyakata nan. Ku ƙarasa da ita."

Humaira ta sauko lulluɓe, ta durƙusa a bakin tagarsa tana kuka. Ya miƙo hannu ya dafa kanta.

"Tashi, auta. Na ga ruwa, na ga wuta, Allah ya bar ni har na ga wagga rana. Yaron ga na gwada shi bisa hanya, ba shi wuce gona da iri, ba shi kuma barin na gaba shi kaɗai. Ki riƙe shi. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi cika muku gida da ɗiya, garke da shanu. Allah shi sa ku tsuhwa tare."

Matan suka ce amin, suka kama hannunta suka nufi ruga, Goggo na gaba tana guɗa. Can bakin shinge wani dogon mutum cikin farar riga ya durƙusa, takalmansa a gefe. Nababa ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba, ya goge ido da hannun riga, ya juya Ta-Gagara ta kama hanyar gida.